Sallar da Ba Ta da Sujada

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024

Na je gungu, can tsibirin tsakiyar kogi, raɗin suna. Wurin sauka daga jirgi ƙafar dama ta nutse cikin laka, jikina ya juya, ita ta ƙi juyawa. Na ji ƙas a gwiwa, har mai tuƙi ya waiwayo. Na ce ya kula da jirginsa. La'asar, Magariba, Lisha, duk na ja wa jama'a a masallaci. Da zafi, amma na ja.

Talata, 8 ga Oktoba

Gwiwa ta wayi gari a kumbure tim, har wando ya matse ta. Maiɗakina Dudu ta gasa mini da ruwan zafi, tana gashi tana wa'azi. Wai in bar wa Zaharaddeen masallaci kwana biyu, ai don irin wagga rana aka yi na'ibi. Na ce ta yi gashinta, ta bar mini limancina.

Ba ta san abin da na sani ba. Tun da yaron nan ya dawo daga karatu Sakkwato da muryarsa, samarin bakin ruwa suke kallona kamar tsohuwar komar kamun kifi. Masallacin nan babana ya ja shi tun yana rumfar kara, ni na karɓa daga hannunsa. Uban Zaharaddeen atamfa yake sayarwa a kasuwar Yelwa, ko riƙon filafilin tuƙa jirgi bai iya ba. In na ba shi kwana biyu, wa ya ce a kwana biyu zai tsaya?

Juma'a, 11 ga Oktoba

Na bi ta bayan gari zuwa wurin Idi mai ɗori, don kada a gan ni ina jan ƙafa. Ya lalube ta da babban yatsa, ya ce ƙashi bai karye ba, bai goce ba, targaɗe ne. Ya ja ta, har na kira sunan Inna da ta daɗe a ƙasa. Ya shafa man kaɗe, ya yi tofi, ya ɗaure da tsumma. Sai ya ce in daina durƙuso har ta saki. Na tambaye shi ko ya manta aikina. Ya ce shi dai ya faɗa.

Laraba, 23 ga Oktoba

Ƙwayar kemis kafin kowace salla. In zan yi sujada in fara sauka da ta hagu, in zan tashi in dafa ƙasa sosai. Babbar riga tana rufe sauran.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Sabon salo. Ina cikin tafiya sai gwiwar ta sarƙe, ta ƙi miƙewa, sai na tsaya na karkaɗa ta, in ji ƙus, sannan ta saki. Yau ta yi mini haka gaban rumfar masu banda, na yi kamar takalmi nake gyarawa.

Maikuɗi ya gani. Ba a ɓoye wa Maikuɗi komai, tare muka koyi ninƙaya, tare babana ya zane mu a makarantar zaure, yanzu ga shi Sarkin Ruwa da tumbi. Ya ce, Akaramakallahu, rawa aka koma da tsufa? Na ce ya ji da tumbinsa. Ya yi dariya, sannan ya rage murya ya ce in je asibiti a yi hoto, masallaci ba zai gudu ba. Shi ma ke nan. Kowa ya zama likita a kan ƙafata.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Ban so in rubuta wanga ba.

La'asar, raka'a ta uku, sujada ta biyu. Na zo tashi, gwiwa ta ce ba ta san zancen ba. Ta kulle a lanƙwashe. Na yunƙura, wani zafi ya taso tun daga ƙwauri har tsakiyar kaina, na koma da goshi ƙasa. Na ce bari in karkaɗa ta kamar kullum. Ina wurin karkaɗawa mutum yana kife?

Masallaci cike, ranar da masunta suka dawo da wuri. Sahu-sahu goshinsu na ƙasa suna jiran kabbarata. Ina jin injin jirgi yana wucewa, ina jin mata suna ciniki a bakin ruwa, ina jin numfashin mutane a bayana. Wani ya yi gyaran murya. Wani ya ce subhanallahi, a zatonsa mantuwa na yi. Na san hukuncin sarai, ni ke karantar da shi: liman in ya kasa, ya jawo wani daga baya ya ƙarasa wa mutane. Hannu kawai zan miƙa. Zaharaddeen yana dab da ni. Ban miƙa ba. Na ci gaba da yunƙuri, zufa tana zuba bisa darduma.

Sai na ji muryarsa, Allahu akbar. Masallaci ya tashi gaba ɗaya. Ya matso ya tsaya gefena ya ƙarasa musu salla, ni kuwa ina kwance a kan haƙarƙari gaban sahu, kowa yana kallon alƙibla, watau yana kallona.

Da aka sallame samari suka ɗauke ni cak, suka bi da ni ta gaban masu banda har gida. Mata suna ta sannu Malam, sannu Malam. Da ƙasa ta tsage da na shige.

Juma'a, 15 ga Nuwamba

Asibitin Yelwa. An yi hoton, likita ya ɗaga shi ga hasken taga ya ce ƙashi lafiya lau. Na ce to, alhamdu lillahi, a ba ni magani in tafi. Ya ce in kwanta tukuna, wanga hoto ƙashi kawai yake nunawa, kuma ba ƙashi ne ya kawo ni ba.

Ya tambayi yadda na faɗi, ko na ji ƙara, ko nan take ta kumbura ko sai da ta kwana, ko tana sarƙewa. Da ya ji na ce tana sarƙewa ya gyaɗa kai. Ya zuƙe ruwa daga gwiwar da allura, ruwa rawaya kusan cikin kofin shayi, ya zuba maganin kashe zafi, ya lallaɓa ta har ta ɗan saki. Sannan ya riƙe ƙwauri ya jawo gaba, ya tura baya, ya karkata hagu da dama, ya ce jijiyoyin da ke riƙe gaɓar ba su tsinke ba. Ya danna yatsa a tsagar da ke tsakanin ƙasusuwan biyu daga ciki, na kusa mangare shi. Ya kama dunduniya ya murɗa, muka ji ƙus tare.

Bayaninsa: akwai guringuntsi tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri, kamar gammo, shi ke ɗaukar nauyi. Nawa ya yage, leɓen da ya yage shi ke faɗawa tsakiya ya tokare gaɓar. Ya tambayi tun yaushe. Na faɗa masa. Ya tambayi ko na huta da ita. Dudu ta riga ni amsawa, ta ce sau biyar a yini yake durƙusa a kanta, ban da nafila. Likita ya yi rubutu mai tsawo.

Ba durƙuso, ba tsuguno, ƙanƙara maimakon ruwan zafi, sanduna biyu a hammata. Kuma sai an je Sakkwato an yi babban hoto mai nuna nama.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Salla a kan kujerar roba cikin ɗaki, ina nuni da kai. Wanda ba ya iya sujada ba ya jan masu iyawa. Da bakina na koya musu haka, kuma sun riƙe da kyau, Allah ya yi musu albarka.

Maikuɗi ya zo. Ya ce dattawa sun zauna, Zaharaddeen riƙon ƙwarya zai yi har in warke, limanci nawa ne. Na ce ya maimaita. Ya maimaita, har da dafa ƙirji.

Talata, 10 ga Disamba

Sakkwato. An cusa ni cikin wani injin mai ƙara kamar na niƙa, aka ce ko motsi kada in yi. Abin da likitan Yelwa ya faɗa da hannu shi injin ya faɗa, ya ƙara da cewa gaɓar ta fara cinyewa saboda shekaru. Aiki za a yi.

A benci na zauna da ɗan acaɓa da idon sawunsa ya gurɗe sau uku a wuri ɗaya, da wani ɗan ƙwallo da jijiyar gwiwarsa ta tsinke, da wata tsohuwa 'yar Ngaski mai ciwon kwatangwalo da ta yi shekara tana shafa magani a gwiwa, ashe ciwon daga sama yake saukowa. Kowa yana ba da labarin ƙafarsa. Da suka zo kaina na ce ni manomin albasa ne.

Juma'a, 27 ga Disamba

An sa sabuwar lasifika a masallaci. Ni na yi shekaru ina roƙo.

Asabar, 18 ga Janairu, 2025

An yi aikin ranar Laraba. Ni da nake jiran a farke ni kamar giwan ruwa, sai ga 'yan huji biyu, kowanne bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Ta ɗaya suka zura abin gani, ta ɗayan suka yi aikin. Likitan ya ce da sun so su ɗinke, amma leɓen ya riga ya ragargaje, sai suka yanke shi suka daidaita bakin. Wai da na zo tun farko ban yi ta murƙushe shi ba, da wata magana ce. Dudu tana gefe, ta kalli silin. Wallahi gara ta yi magana.

Na tambaye shi abu ɗaya: zan yi sujada? Ya ce wanga ba hannunsa yake ba yanzu, yana hannun masu gashin ƙashi da kuma ni.

Litinin, 3 ga Fabrairu

Mai gashin sunansa Ɗanjuma, Bakambare ne, fuska kullum a sake, hannu kuwa babu imani. Na zata gashi zai yi mini da gaske, da wuta ko ruwan zafi. Ashe wahala ce zalla. Ya auna cinyoyina da tef ya nuna mini ta dama ta rame, ya ce cinya ita ce mai gadin gwiwa, in ba ta dawo ba gwiwa ba ta dawowa. In kwanta in ƙanƙame tsokar, in saki. In ɗaga ƙafa a miƙe, in sauke a hankali. In jawo dunduniya zuwa mazaunai har inda zafi ya tsayar da ni, shi kuma ya ƙara turawa kaɗan. Yana da wani ma'auni na roba da yake ɗorawa a gefen gwiwa ya ga iya lanƙwasarta. Ya ce da saura da yawa.

Dattijo da gemu, kwance bisa tabarma yana ɗaga ƙafa sama kamar jariri. Na hana kowa shigowa in ina yi. Amma ina yi, safe da rana da yamma, har fiye da yadda ya ce.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Zaharaddeen ya zo gaisuwa da lemo cikin leda. Ya cire takalmi tun daga zaure, ya zauna ƙasa, Baba kaza Baba kaza. Ya kawo tambaya a kan rabon gadon wani masunci da ya bar jirgi ɗaya da 'ya'ya mata. Na warware masa. Ya yi godiya kamar bai sani ba. Ya sani mana, ladabin ne yake nuna mini, kuma ladabin ya fi komai ci mini rai. Da ya yi rashin kunya da na samu abin riƙewa.

Yadda ya naɗe ƙafafunsa ya zauna a kansu, ko tunani bai yi ba. Na kasa daina kallo.

Lahadi, 9 ga Maris

Azumi. Na yar da sanda ɗaya, na fara zuwa masallaci. Kujerata tana ƙarshen sahu jikin bango, kusa da randa. Mutane har waje, har da 'yan Yelwa da ke hawo babur don su ji karatunsa. Ana gaishe ni da hannu biyu, ana ya jiki Liman, sannan a wuce gaba.

Ina sauraron karatun ina jiran ya yi tuntuɓe in gyara masa daga nan inda nake, kowa ya ji. Allah ya yafe mini, da azumi a bakina.

Lahadi, 30 ga Maris

Ƙaramar Salla. Ban fita ba. Na ce ƙafa.

Talata, 15 ga Afrilu

Yau goshina ya taɓa ƙasa. Cikin ɗaki, ƙofa a rufe, matashi ƙarƙashin gwiwa. Na sauka, na zauna, na tashi. Na sake. Na daɗe a sujadar ƙarshe, abin da na faɗa tsakanina da Ubangijina ne.

Ɗanjuma ya ɗora ma'auninsa ya ce ba ta kai ta hagu ba, kuma mai yiwuwa ba za ta kai ba, amma ta isa salla. Abin da ke sarƙewa an cire shi, ba zai sake kulle ni ba. Sai dai in riƙa sa abu mai taushi, in rage nauyi, kada in daina motsa cinyar, in ta kumbura in huta. Na ce ya rubuta mini a takarda cewa ta isa salla. Ya yi dariya, ya zata wasa nake.

Juma'a, 18 ga Afrilu

Na bar kujera a gida. Na shiga masallaci kafin La'asar ba sanda, na wuce sahun gaba, na tayar da nafila a tsakiya inda kowa zai gani. Na yi ta a natse, na tashi ban dafa kowa ba. Da aka tayar da iƙama na ɗan jinkirta. Zaharaddeen ya dube ni, ya dubi dattawa, dattawa suka dubi tabarma. Ladan ya ce a daidaita sahu. Yaron ya shige gaba.

Maikuɗi ba ya nan, wai ya tafi sasanta rikicin masunta kan taru a Shanga. To, zai dawo.

Laraba, 23 ga Afrilu

Ya dawo, ya zo da kansa bayan Azahar. Tun daga yadda ya ƙi zama kan buzu ya zauna bakin dakali na san abin da ya kawo. Ya yi ta kewaye, ruwa ya ja baya bana, albasa ta yi kyau, kifi ya yi wuya. Na ce Sarki, faɗi abin da aka aiko ka.

Ya ce, "Zakari, mutane sun tsorata. Rannan goshinmu na ƙasa, ba mu san ko kana da rai ba. Ni kaina na ɗauka ka cika."

Na ce ƙafa ta warke, likita ya faɗa, mai gashi ya faɗa, rabin masallaci sun gani ranar Juma'a. Ya ce ya ji. Na ce ji ba gani ba ne, bari in nuna maka. Na miƙe na fara naɗe riga zan durƙusa nan cikin zaure. Ya riƙe mini hannu.

"Kada ka yi. Girmanka ya wuce haka."

Na fizge, ya juya fuska ga bango. Ya ƙi kallo. Ina tsaye da riga a hannu kamar mai tallan ƙafa.

Sannan ya faɗi sauran. Salloli biyar Zaharaddeen zai ci gaba. Ni za a kira ni Babban Liman, an bar mini ɗaurin aure da raɗin suna da jana'iza. Yana faɗa yana murmushi, wai an ɗaukaka ni.

Jana'iza. Sallar da ake yi a tsaye tun daga kabbarar farko har sallama, ba ruku'u ba sujada. Watau zama suka yi suka duba cikin sallolin Allah kaf, suka zaɓo mini wadda ba ta bukatar gwiwa. Masu rai na Zaharaddeen, matattu nawa.

Na ce, "Kai ka dafa ƙirji a ɗakin nan, Maikuɗi."

Ya ce ya dafa, kuma shi kaɗai ne ya tsaya mini a zaman, an rinjaye shi. Na ce ya gaida dattawa. Ban raka shi ko bakin ƙofa ba.

Asabar, 26 ga Afrilu

Ya aiko da ragon ruwa guda, ƙato. Na ce a mayar. Dudu ta ce ita ba ta mayar da kifin Sarkin Ruwa, in ina so in ɗauka in kai da ƙafata tunda ta warke. Ta dafa, ban ci ba.

Litinin, 5 ga Mayu

An yi rasuwa unguwar masaƙa taru, wata tsohuwa. Aka aiko a kira Babban Liman. Na ce a gaya musu ni ba limamin gawa ba ne, wanda ke jan su da rai ya ja su in sun mutu. Salla kuma na koma masallacin tasha, ko da ya fi nisa. Can ba wanda ya san ni sai a matsayin wani tsoho mai saurin zuwa.

Gwiwa lafiya. Har gona na taka na dawo, ba ta kumbura ba. Amfanin me?

Alhamis, 15 ga Mayu

Wai Maikuɗi ya faɗi a bakin ruwa, hawan jini, ɓarin jikinsa ɗaya ba ya motsi. Dudu ta je ta dawo da jan ido. Ta ce baki ya karkace, ba a gane maganarsa, amma duk wanda ya shigo sai ya bi ƙofa da kallo. Ta tsaya tana jira in ce wani abu. Na ce Allah ya ba shi lafiya.

Lahadi, 18 ga Mayu

Na sa riga zan je. Na kai har rumfar masu banda, na hango dattawan nan zaune ƙofar gidansa, su ɗin dai. Na juyo. Sai sun ragu.

Talata, 27 ga Mayu

Maikuɗi ya rasu da hantsi.

Zaharaddeen ne ya zo. Bai shigo ba, ya tsaya zaure ya ce, "Baba, an gama haɗa shi. Kai ake jira." Na buɗe baki in ba shi amsar da na ba na unguwar masaƙa, ba ta fito ba. Na nemi hulata, tana kaina.

Ban taɓa ganin jama'a haka a bakin ruwa ba. Jirage daga gungu-gungu, daga Ngaski, daga Shanga, har ba wurin ɗaurewa. Aka ajiye shi gabana. Tumbin nan duk ya tafi, likkafani ya yi masa yawa. Na yi kabbara huɗu.

A maƙabarta 'ya'yansa suka sa shi, amma ba su iya ba, kai ya karkace. Ban san sa'ad da na matsa ba. Na durƙusa bakin kabarin da gwiwa biyu bisa busasshiyar ƙasa, ba matashi ba komai, na sunkuya har kafaɗata ta shige, na juya fuskarsa ga alƙibla, na kwance ƙullin. Na daɗe a haka. Aka miƙo itace na jera, aka miƙo laka na toshe. Sannan na tashi. Wani ya kawo hannu, kafin ya iso na riga na miƙe. Na ji ana cewa a bayana, ashe ƙafar Liman ta warke. Duk garin ya gani, dattawan nan ma sun gani. Wanda na so ya gani na rufe shi da hannuna.

Daga can aka wuce masallacinmu na bakin ruwa don Azahar, ni ma ƙafa ta bi da ni. Ladan ya tayar da iƙama. Zaharaddeen bai motsa daga sahu ba, ya nuna mini gaba da hannu biyu. Samari suka buɗe hanya. Ɗaya daga cikin dattawan har da cewa bismilla, Liman. Dardumar tana nan inda na bar ta, an dai wanke ta.

Na ce masa ƙafar ta gaji, ya shiga. Ya dube ni, na ce shiga mana, mutane na jira. Ya shiga. Akwai gurbi a sahun gaba wajen dama, wurin Maikuɗi, kowa ya ƙi tsayawa. Na tsaya nan.

Yaron ba ya gaggawa a sujada, wanga kam na ba shi.

Ƙafar ba ta gaji ba.